Amalanken da Malam Ya Ƙera wa Yayana

Ko na manta da komai na zaman aurena a Tudun Wada, ranar da Malam ya dawo gida yana tura amalankensa ba za ta fita daga raina ba. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma har yau in na ji ƙarar tayar keke a tsakar gida sai na ɗaga kai.

Malam, wato maigidana, gyaran keke yake yi, yana taɓa walda, kuma Allah ya jarabce shi da son ƙere-ƙere. Babu ƙarfen da ke da kwanciyar hankali a gidanmu. In na yi magana sai ya ce, "Ki bari ki gani." Ni kuwa na gaji da gani.

Yayana kuma ɗaukar jaka yake yi a filin golf. Manya su buga ƙwallo, shi ya bi su cikin rana da jakar sanduna a kafaɗa, tun yana saurayi har furfura ta fito. Da wannan yake riƙe iyalinsa. Wata Juma'a ya zo gaishe mu, da zai tafi ya kasa tashi daga tabarma saboda ciwon baya, sai da Malam ya kama shi. Na ga irin kallon da Malam ya bi kafaɗarsa da shi, na ce a raina, shi ke nan, wani ƙarfen nawa ya shiga uku.

Haka kuwa aka yi. Tayoyin keken ɗanmu suka fara ɓacewa, sai sandunan gidan sauro na gadon aurena. Na yi faɗa har muryata ta dishe, shi kuwa yana ta walda. Abin da ya fito ɗan amalanke ne mai taya biyu, da mariƙi mai naɗewa, da robar ɗaure jaka. Da yatsa ɗaya ake jan sa. A lokacin ba mu taɓa ganin irinsa a Zariya ba. Yaya ya jaraba shi a lungunmu da buhun masara, yana dariya kamar yaro. Washegari ya tafi da shi wurin aiki.

Ba a daɗe ba wani Alhaji cikin masu wasan ya aiko a kira Malam, wai yana son a ƙera wa kowa nasa. Murna a wurina ba a magana. Na fara kallon rufin ɗakinmu mai yoyo ina yi masa bankwana. Abin da ya fi min daɗi ma, yau ga wani ya kira aikin mijina da daraja, bayan duk unguwa ana ce masa mai wasa da ƙarfe.

Da safen da zai je, har ya sa babbar riga, sai ga Yaya ya yi sallama. Ya zauna a zaure, na kawo koko bai ko kalle shi ba.

"Malam," ya ce, "jiya Alhajin nan ya karɓi mariƙin daga hannuna, ya ja abinsa da kansa har ya gama wasa. Ya ce ashe ba sai da mutum ba."

Yaya ya gyara zama ya ci gaba.

"Ka tausaya wa bayana, na gode. To cikin 'ya'yana fa? Kuma ka san ba ni kaɗai ba ne a filin nan."

Ina tsaye a bayan ƙofa, zuciyata ta rabu biyu. Ga mijina da sa'arsa ta zo, ga ɗan'uwana da abincinsa zai tafi. Malam ya gyara hularsa ya fita.

Bayan azahar na ji ƙarar taya. Ga shi nan da babbar riga, gumi sharkaf, yana tura amalanken tun daga filin.

"Me ka ce wa Alhaji?"

"Na ce don Yaya na yi shi, ba don a sallami Yaya ba."

"To rufin fa, Malam?"

"Ki ƙara kwano ɗaya a ƙarƙashin yoyon."

Dariya ta ƙwace min, hawaye na zuba. Amalanken ya koma ɗaukar jarkokin ruwa. Yaya kuma aka ɗinka masa maratayi mai laushi, kuma matashin kaina ne ya ba da audugar.

Daga baya irin amalanken suka shigo daga ƙasashen waje, babu wanda ya san wani mai gyaran keke a Tudun Wada ya taɓa ƙera nasa. Wannan yana yi min ciwo har yanzu. Amma kafin su iso, autan Yaya ya gama makaranta.

Ranar da aka fito da gawar Malam, na leƙa ta zaure. Samari suna ta hana Yaya saboda bayansa da ya ranƙwafa, ya ture su, ya sa kafaɗar nan tasa a ƙarƙashin makara. An ce bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta.

Tun daga lokacin na koyi cewa kafin ka sauke wa mutum kayan da ke kansa, ka tambaye shi tukuna, wataƙila kayan nan ne abincinsa.