Shekarar da Hancin Fusae Ya Mutu

A garin Katsunuma, idan manomin inabi ya ce Fusae ta zo, babu mai tambayar wace Fusae. Amemiya Fusae ce, mai ƙaramin shagon giyar inabi da ke gangaren hanyar tashar jirgin ƙasa, tsakanin mai gyaran keke da mai sayar da waina. Mahaifinta ne ya buɗe shagon, ita kuma a cikinsa ta tashi, tana goge kwalabe tun tsawonta bai kai teburin ciniki ba. Ta yi aure a Kofu, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gida da akwati ɗaya tana da shekara talatin da ɗaya. Da tsohon ya rasu sai ta ci gaba da riƙe makullin. Lokacin da abin nan ya faru shekarunta hamsin da takwas.

Ba ta sayar da giyar manyan kamfanoni, sai ta ƙananan manoman da ke matse inabinsu da kansu a bayan gida. Kowane watan Oktoba takan shiga 'yar farar motarta ta bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, a zuba mata sabuwar giya daga tanki. Takan juya kofin sau biyu, ta kai hanci, ta yi shiru. Idan ta ce a kawo mata kwali ashirin, manomi ya tsira. Idan kuwa ta ajiye kofin ta shiga tambayar lafiyar jikoki, ya san bana babu shi. Daga nan sai ta rubuta takardar labarai da hannunta ta manna a ƙofar shago, da sunayen giyar da za a buɗe ranar uku ga Nuwamba, ranar fitowar sabuwar giya. Har daga Tokyo mutane kan shigo jirgi saboda wannan takarda.

A watan Yuli zazzaɓi ya kwantar da ita kwana biyar. Ranar da ta tashi ta ɗora miya a wuta, ta sunkuya kan tukunya, ba ta ji ƙanshin komai ba. Ta ɗauka mura ce. Mako biyu ya wuce, wata ya wuce. Likitan da ta gani a Kofu ya ce wataƙila jin ƙanshin ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan. Ta dawo gida ba ta gaya wa kowa ba. A shago abin bai fito ba, domin tsofaffin kwalaben ta haddace su, tana iya kwatanta kowace ido rufe. Sabuwar giya ce ba a haddacewa.

Kamar da gayya, Satumbar shekarar ta zo da ruwa na kwana goma sha ɗaya, guguwa ta biyo baya. Inabi ya soma ruɓewa a kan rumfuna, manoma suka tsinke abin da za su iya cikin gaggawa. Kowa ya san bana za a sami tankunan da suka lalace, kowa kuma yana jiran Fusae ta zo ta faɗi waɗanne ne.

Sai ta koma karanta fuskoki. Shekara da shekaru ta lura manomin da ya yarda da giyarsa yakan zuba ya juya yana kallon duwatsu, mai shakka kuwa bakinka yake kallo. Da wannan dabara ta wuce gonaki huɗu, tana fitowa daga kowace da gumi a bayanta. Ta biyar ita ce ta Furuya Kanji, abokin mahaifinta, ɗan shekara saba'in da tara, wanda har yau 'yar nan yake ce mata.

Tankuna biyu gare shi na farar giya. Ya zuba mata daga kowane, ya goya hannuwa a baya ya tsaya. Bai kalli duwatsu ba, bai kalli bakinta ba. Idonsa kawai ya zuba mata, fuskar nan babu abin karantawa.

"Yaya kika ji, 'yar nan?"

"Kai yaya ka ji, Baba?"

"Ikon Allah. Tun yaushe kika fara neman ra'ayin tsoho? Ubanki ma bai taɓa nema ba."

Ta yi 'yar dariya, ta kurɓi na farko, ta kurɓi na biyu. Harshenta bai gaya mata komai ba sai sanyi da tsami, sabuwar farar giya kuwa dama da tsaminta take zuwa.

"Sun yi," ta ce.

"Har na biyun?"

"Har shi. Kawo min kwali talatin."

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya. "To madalla. Da ina shakkarsa, don inabin bayan ruwa ne. Tun da kin ce ya yi, ya yi."

Maganar nan ta biyo ta cikin mota. A mahaɗar hanya ta taka birki ta tsaya, hannunta a kan sitiyari, tana tunanin juyawa. Motar baya ta danna mata oda, sai ta wuce. Da ta zo rubuta takarda, sunan Furuya ta sa a sama.

Ranar ɗaya ga Nuwamba da azahar Natori Michiyo ta shigo shagon da kwandon cefane. Ƙawarta ce tun firamare, tana da gidan abinci inda take dafa taliya mai kabewa, kuma ita ke yin girkin ranar bukin sabuwar giya kowace shekara. Ta zaro kwalba ɗaya daga kwalayen Furuya don ta san abin da za ta dafa ya dace, ta buɗe a nan kan tebur. Tana kai kofin hanci ta janye kai.

"Ke, kin ɗanɗana wannan kuwa?"

"Sabuwa ce. Za ta kwanta."

"Kwanta ina? Warin man goge farce take yi. Wannan ai ta kama hanyar zama ruwan tsami." Ta miƙa mata kofin. Fusae ta karɓa, ta juya shi sau biyu kamar kullum, ta kai hanci. Michiyo ta tsaya tana kallon ta, ta daɗe tana kallo.

"Rufe idonki," ta ce.

"Michiyo, ina da aiki."

"Rufe, na ce."

Ta rufe. Ta ji motsin kwando, ta ji an kawo wani abu kusa da fuskarta.

"Mene ne wannan?"

Fusae ta shaƙa. Lokacin lemo ne, kowa da lemo a kwandonsa. "Lemo," ta ce.

Da ta buɗe ido, tafarnuwa ce Michiyo ta fasa da farce. Fusae ta zauna a kan kwali.

"Tun yaushe?"

"Tun Yuli."

"Wata huɗu, kina zuwa gidana kina yaba min miya. Amma ke dai an yi 'yar banza." Michiyo ta miƙe. Ta je ta juya allon ƙofa ya koma an rufe, ta dawo ta shiga buɗe kwalabe daga kwali daban-daban. Ta farko lafiya lau, ta biyu ta lalace, ta uku ta lalace. Takardar jikinsu iri ɗaya, murfinsu iri ɗaya. Kwalba ɗari uku da sittin, saura kwana biyu.

"Ki janye su duka a ɓoye," in ji Michiyo. "Ki ce ba su iso ba. Wa zai sani?"

"Ba ni kaɗai Furuya ya kai wa ba. Ya aika wa masaukin baƙi na kan tudu, a kan maganata. Gobe za su fara zuba wa baƙi."

Suka shiga mota, suka nufi gidan Furuya.

Sun tarar da Furuya yana wanke bokitai a tsakar gida. Fusae ta tsaya gabansa, ta sunkuyar da kai ƙasa sosai, ta faɗi komai ba ta rage ba: zazzaɓin, likitan, da yadda ta ce ya yi alhali ba ta ji komai ba. Tsohon bai rufe famfo ba. Ruwa ya cika bokiti ya malala kan takalmansa. Sai can ya miƙa hannu ya murɗa.

"Shekara huɗu ke nan," ya ce a hankali, "ban ji ƙanshin komai ba. Ko na furen gaban gidan nan. Da hancinki nake aiki, 'yar nan. Ki zo, ki faɗa, in zuba a kwalba." Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Ni tsoho ne, nawa ya mutu a kan lokacinsa. Ke me ya hana ki faɗa?"

"Abin da ya hana ka, Baba."

Tsohon ya zuba mata ido, ita ma ta zuba masa.

"To ku zauna ku yi ta kallon juna, makafin hanci biyu," in ji Michiyo. "Ni dai a gaya min yadda za a raba kwalaben nan kafin rana ta faɗi."

Furuya ya yi tunani. Ya ce yakan buga kwanan wata a gindin kowane kwali. Tankin farko ya ɗura ranar ashirin da bakwai, na biyu ranar ashirin da takwas. Amma na farkon bai ƙare ba sai da hantsin rana ta biyu, don haka kwalayen ashirin da takwas a gauraye suke. Shi da kansa ya ɗaga waya ya kira masaukin baƙi, yana tsaye ƙiƙam kamar mai masaukin na gabansa, ya roƙi kada a buɗe ko ɗaya.

Washegari tun safe suka juye kwalaye a bayan shago. Sha ɗaya suka fita lafiya da kwanan watansu. Sauran sai da aka buɗe kwalba ɗaya daga kowane, Michiyo na shaƙa tana cewa wannan dama, wannan hagu. Idan hancinta ya gaji sai ta cusa shi a hannun rigarta ta huta. Wanda ta yi wa ko ɗan shakku, hagu ya tafi. Fusae, wadda shekara ashirin da wani abu ita ke yanke hukunci, ranar aikinta ɗauko kwalba da wanke kofi.

Da la'asar ta yage takardar ƙofa ta rubuta wata. Ta ce hancinta ya daina aiki tun Yuli, giyar bana duka ba da shi ta zaɓe ta ba, rabin ta Furuya ta lalace kuma laifin nata ne, an cire ta. Duk mai saye ya ɗanɗana tukuna. Michiyo ta karanta ta ce, "Kin san wasu ba za su yafe ba." Fusae ta ce ta sani, ta manna.

Ranar uku ga wata, kafin jirgin Tokyo ya iso, Hihara ya zo, mai gona ta biyu da ta ziyarta. Ya karanta takardar sau biyu a tsaye, ya shigo.

"Wato ranar nan fuskata kika ɗanɗana?"

"Ita ce."

"Na kwana uku ina murna. Na gaya wa matata Fusae ta yaba." Bai ɗaga murya ba. Ya ɗebi kwalayensa ɗaya bayan ɗaya ya kai mota, ta riƙe masa ƙofa har ya gama.

Da baƙi suka iso sai suka taru a bakin ƙofa suna karatu. Wasu suka juya suka nufi wani shago. Waɗanda suka shigo sun fi rabi, amma babu hayaniyar da aka saba. Michiyo ta yi ta zuba taliya tana tsokanar mutane, wai bana kowa ya zo da hancinsa daga gida. Furuya ya zauna a kusurwa cikin baƙar kwat ɗinsa, duk wanda ya ɗauki giyarsa sai ya tashi ya sunkuya masa.

Tankin na biyu an bar shi ya ƙarasa zama ruwan tsami, Michiyo ta riƙa jiƙa kayan lambu da shi. Furuya ya miƙa matsar giya ga 'yar ƙanensa, ya tsaya a gyaran rassa. Hihara bai sake kawo kaya ba, ko da yake yana amsa gaisuwa.

A watan Fabrairu, wata safiya mai tsananin sanyi, Fusae na ɗura kalanzir a murhun ɗumama shago sai ta ji wani abu can nesa a cikin hancinta, mai kaifi, marar daɗi. Ta durƙusa a wurin tana shaƙa har kanta ya yi ciwo. Da ta koma wurin likita ya ce alama ce mai kyau, amma kada ta sa rai da yawa. Zuwa bazara tana jin hayaƙi da kifi. Giya kuwa har yanzu shiru. Ta sayo ƙaramin littafi, duk wanda ya ɗanɗana a shagon sai ta tambaye shi me ya ji, ta rubuta da sunansa.