Shafi Na Takwas Na Mallam Yaji

Tun kafin keke napep na farko ya tashi daga unguwar Yerimaram zuwa kasuwa, Mallam Yaji Mala ya buɗe shagonsa, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya yaye zanen da yake lulluɓe kwamfutarsa da shi kamar amarya. Shekara ashirin da biyu ke nan yana buga wa mutanen Potiskum takardun neman aiki, yana cike musu fom. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, domin idanunsa sun gaji. Ni tela ne, shagona na jikin nasa, kuma ina da hannu a gajiyar idon nan. Shi ya sa ba zan bari ya tafi shiru ba.

Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi wa dariya. In ka kawo masa abin da ba ka son ya ɓata, hoton mamaci ko gajeriyar murya, ba ya tsayawa a kwafa maka cikin memori. Sai ya bi da shi ta wata hanya da masu kwamfuta ke kira Base64, wadda ke mayar da hoto ko sauti haruffan boko da lambobi zalla. Ya buga su a takarda, ya sa lambar shafi da sunan mai abin, ya ajiye a kwali. Duk ranar da aka mayar da haruffan cikin kwamfuta daidai, abin zai dawo yadda yake. Amma in ka dubi takardar, babu kalma ɗaya da ɗan Adam zai karanta.

"Mallam, yau ma rubutun aljanun ne?" Haka nake tsokanarsa.

"Takarda ba ta san an ɗauke wuta ba," in ji shi. "Memori kuwa, yau lafiya, gobe ba sallama."

Cikin kwalayen nan akwai shafi takwas masu sunan Bubayaro, wani dillalin shanu da ya baro ruga ya zauna a unguwar Yindiski. Saƙon murya ne na rabin minti da mahaifiyarsa Dada ta aiko masa watanni kaɗan kafin rasuwarta. Ba shi da hotonta ko ɗaya. Abin da ya rage masa ke nan.

Daminar bara aka kwantar da Mallam Yaji a asibiti, aka yi masa aiki a ciki, ya bar mini makulli. Rufin shagon ya yi yoyo, ruwa ya kashe kwamfutar. Da na shiga gyara wurin na ga kwalaye sun cika lungu, sai na kira Idi mai tsire na ce ya kwashe ya riƙa naɗe nama. Wallahi a ganina alheri na yi wa mutum biyu. Ba a yi wata ba aka zare wa Bubayaro wayar da muryar ke ciki a cunkoson kasuwar shanu. Ya zo shagon ranar da Mallam ya fara fitowa, ya tsuguna, ya ce, "Mallam, muryar tsohuwa fa."

Na faɗi abin da na yi, ina jiran faɗa. Da ya yi faɗan ma da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Wane Idin?"

Da ɗinki a cikinsa ya hau keke napep ya nemo Idi. Ya zauna a ƙasa ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya. Ya sami shafi biyar na Bubayaro a gindin kwali, biyu a ƙarƙashin tebur sun sha mai da ƙuli. Na takwas, na ƙarshe, ya riga ya bi tsiren wani.

Ya aro kwamfuta. Na'urar da ke karanta takarda ta kasa, saboda mai ya dusar da tawada. Sai ya ɗora rula ƙarƙashin layi, ya riƙe gilashin ƙara girma, ya shiga bugawa da hannu. Haruffa dubu uku ne a kowane shafi, kuma in ka kuskure ɗaya muryar sai ta shaƙe a wurin. Na ce bari in riƙa karanto masa. Yini ɗaya ya jure ni, ya ce, "Koma kan kekenka, Allah ya ba da lada." Kwana goma sha tara ya yi, idonsa na ruwa yana sharewa da hannun riga. Likita ya riga ya gargaɗe shi kan idon, bai gaya wa kowa ba.

Ranar wata Laraba bayan la'asar ya kira Bubayaro, ya danna. Sai ga Dada da Fulatancinta, tana gaisuwa, tana tambayar yara, tana ba da labarin jar saniya ta haihu. Ta ce, "Buba, in ka sami sarari ka zo, don ni..." A nan ta tsaya.

Bubayaro ya sunkuyar da kai, ya ƙarasa mata da bakinsa: "Don ni ina ganin ba zan ga kakar bana ba." Sannan ya ce, "Kuma ban sami sararin ba, Mallam." Ya roƙi a sake kunnawa har sau huɗu.

Mallam Yaji, kai ne ka riƙe amanar da masu ita ma ba su san sun ba ka ba. Mun kira aikinka shirme, ka yi murmushi ka ci gaba da sa lambar shafi. Ban san mutum nawa na raba da hoton iyayensu a kwalayen nan ba. Kai ka sani, kuma har yau ba ka faɗa mini ba. Mun gode, na kuma roƙe ka gafara a gaban jama'a. Allah ya ba idonka lafiya, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba.

Masu shagunan kwamfuta na yanzu, ku je ya koya muku tun yana iya nuna layi da yatsa. Sauran jama'a kuma, in kun ga ajiyar da ba ku gane ba, ku tambayi mai ita kafin ku yi gwaninta. Ni dai har yau in na sayi tsire, ba na fara ci sai na warware takardar na duba lambar shafi.