Inna Mai Ɗaci da Tarin Guduma

Ni mai injin niƙa ne. Kunnena ya saba da ƙara, bai saba da daɗin baki ba. In ka ji na yabi mutum, to aikinsa na gani.

Inna Mai Ɗaci tana zaune a bayan shagona. Ɗaki ɗaya gare ta da rumfa, a rumfar akwai turmi, tukwane baƙi ƙirin, da saiwoyi rataye a igiya kamar shanya. Wurin mahaifinta ta gaji sana'ar. Da damina, in sauro ya yi yawa, masu zazzaɓi har bakin injina suke kaiwa. Ta dafa ganyen darbejiya da ɓawon maɗaci ta miƙa maka. In ka yamutsa fuska ta ce, "Da zuma ka zo sha?" Amma in ƙaramin yaro ne, ko zazzaɓin ya ƙi sauka, ba ta jan magana: "Ku wuce asibiti. Tukunyata ba ta kai nan ba."

Mijinta tari ne ya kashe shi, tun tana da ƙuruciya. Ta dafa masa duk abin da ta sani, ya tafi yana tofar da jini. Daga nan ta san iyakar tukunyarta.

Ƙanena fasa dutse yake yi, shi ya sa ake ce masa Guduma. Bara ya kamu da tari, ya rame har wandonsa na zamewa, ga mata da yara ƙanana. Ya ce shi ba ya shan ƙwaya, saiwa ya sani. Ya je wurin Inna. Ta sa shi ya yi tari, ta saurara.

"Ɗan nan, je ka a gwada kakinka."

"Inna, ke ma kin koma 'yar koren likita?"

"In kana son nawa, zo da nasu."

Gwaji ya nuna tarin fuka ne, magani na wata shida. Malamin asibiti ya ce duk wanda ya yanke a tsakiya, tarin zai dawo da ƙarfin da ƙwayar ba za ta iya da shi ba. Inna ta karɓi ƙwayoyin ta ajiye a rumfarta. Kullum da safe Guduma ya haɗiya a gabanta, sannan ta ba shi jiƙonta mai buɗe ciki. Jiƙon ma sai da ta kai wa malamin ya duba. Ya ce ta cire saiwa ɗaya, ta cire ba gardama.

Da ya yi ƙiba ya koma bakin aiki, sai ya ɗauke ƙafa. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ya ɗaga buhun masara a shagona ya ce, "Yaya, ka ga mai ciwo a nan?"

Na kai wa Inna labari. Washegari ta ce in kashe injin in ɗauko mata kujerarta. Gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa, amma haka ta hau har wurin fasa dutse, tana hutawa tana ci gaba. Ta zauna a tsakiyar ƙarti, ta ajiye buta da kofi.

"Guduma, ga mai renonka ta iso," in ji wani dogo mai baki. "A kawo zanin goyo."

Inna ta dube shi. "Kai dogo, tun daga hanya nake jin tarinka. Gobe ka je a gwada."

Dariya ta koma kansa. Guduma ya matso, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, kin kunyata ni."

"Kunya ba ta taɓa kashe kowa ba. Tari ya ci mini ɗaya ina kallo, ba zai ci na biyu ba. Buɗe baki."

Ya haɗiya. Washegari ta sake hawa, wanshekare ma haka. Da ya ga tsohuwa za ta ƙarasa gwiwoyinta saboda shi, sai ya riƙa riga ta tashi, ta fito ta tarar da shi a rumfa yana jira. Bai ƙara tsallake rana ba.

Ran da malamin asibiti ya ce ƙirjinsa ya wanke tas, Guduma bai yi doguwar godiya ba, mu gidanmu ba mu iya ba. Ya sassaƙa faffaɗan dutse, ya ɗauko shi a kai tun daga can sama, ya dire a rumfarta ko haki ba ya yi.

"Matsar da shi kusa da buta," in ji Inna. "Na gaba ya samu wurin zama."

Yanzu dogon nan mai baki ne ke zama a kai kullum da safe, kuma Guduma ne ke rako shi.