Iyakar Gonar Gwaggo

Shekaru sun ja, amma ranar da muka nemi iyakar gonar gwaggo a Kalgo tana nan daram a raina. Ina ɗan makaranta ne a lokacin, mai kunya, na je hutu daga Gwandu da littafina da na cika da zanen ciyayi.

Manoman wajen da ciyawar gamba suke yin iyaka, su dasa ta a jere tsakanin gona da gona. Wannan rani wuta ta ci wurin ƙurmus. Shuka ta gabato, maƙwabcin gwaggo ya ce iyakar ta bi ta gabas da wata rijiya da ke tsakanin gonakinsu, ita ta ce yamma. In ta rasa rijiyar, ta rasa lambun albasar da take ci da marayunta.

Gwaggo ta tasa ni gaba, tana faɗa wa kowa ta kawo masanin ciyawa. Na buɗe littafi, sai na ga duk kan ciyawa na zana, nan kuwa toka ce kawai. Na tsaya zufa na karyo mini.

Wani tsohon Bafulatani da ke kiwo kusa ya matso yana dariya. "Malam ƙarami, rufe takarda, dubi inda shanuna ke sa baki." Ya ce kyasuwa shekara guda take yi ta mutu, gamba kuwa gindinta na raye ko an ƙone ta.

Na durƙusa na share toka. Ga dunƙule mai tauri, da ɗan tsiro kore mai farin layi a tsakiyar ganye. Na ja, ya ƙi fita. Na rarrafa gaba na sami wani, na aza dutse. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har azahar, farar rigata ta koma baƙa.

Da muka miƙe muka duba, duwatsun sun tafi kai tsaye sun tsaya a bakin rijiyar, suka ci gaba ta ɗaya gefen. Ashe rijiyar tasu ce su biyu, iyayen gwaggo da na maƙwabcin tare suka haƙa ta. Maƙwabcin ya riƙe baki, gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta ce gobe shi zai kawo sabuwar igiyar guga.

Tun ranar, in ina son sanin abu, ba na tsayawa ga abin da ya fito sama. Sai na durƙusa na duba gindi.