Mai Karɓar Aikin Kirsimeti

Kullum bayan asuba motar asibiti kan ɗauki Hajiya Rekiya a unguwar Ulaisha. Takan jingina kai da taga, titunan Riyad na wucewa, ita kuwa hankalinta na can kan wani tsauni mai ƙanƙara a ƙasar Turawa, a jami'ar Katolikan da ta koya mata aikin jinya. Wasu sistocin coci ne suka kafa makarantar da ɗalibai tara da saniya guda, kuma har zamanin Rekiya ba a barin ɗalibi ya ci abinci shi kaɗai.

Ita ce Musulma ta farko a wurin. Da azumi ya kama, tsohuwar sista mai girki ta kawo mata soyayyen kifi da rana tsaka, baki har kunne, a zatonta azumin kowa barin nama ne irin nasu. Aka yi mata bayani, kunya kamar ta nutse. Tun daga ranar takan tsaya bakin taga da kwano a rufe, tana jiran rana ta faɗi su ci tare.

Shi ya sa a nan Riyad, inda Kirsimeti ranar aiki ce kamar kowace, Rekiya ta shekara tara tana karɓar aikin nas-nas Kiristoci 'yan Filifin a wannan ranar, don su samu su yi wa 'ya'yansu waya. Bara, a 1986, sabuwar shugabar nas-nas ta ce duk wadda ta ƙara taɓa jadawalin aiki, ba za a sabunta mata kwantiragi ba. Abokiyar aikinta Balkissa ta yi ta roƙonta ta haƙura. Rekiya ta sa fararen kayanta ta tafi wurin shugabar.

"Mudira," in ji ta, "wata tsohuwa ta taya ni jiran rana kwana talatin. Ni kwana ɗaya tak nake ramawa."

Ba a sabunta mata kwantiragin ba. Jibi jirginta zai tashi zuwa Kano, kuma mu abokan aikinta zuciyarmu ba daɗi.

Ke ce, Hajiya, uwar baƙi a ƙasar da ke ma baƙuwa ce. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Mu da muka rage, kowa ya duba wa ke cin abinci shi kaɗai kusa da shi.

Jiya aka kafa jadawalin Disamba. A layin ranar ashirin da biyar, Balkissa ta riga ta rubuta sunanta.