Bututun da na lulluɓe da laka

A shekarun da jirgin ƙasa bai daɗe da fara shigowa Kumasi ba, kakanku ya dawo gida wata rana da wani dogon bututu a kafaɗa. Jan ƙarfe ne, kaurinsa kamar damtsen yaro. Wani abokinsa mai aiki a tashar jirgi ne ya ba shi, wai an daina amfani da shi. Kakanku fataucin goro yake yi, amma Allah ya yi shi da son dabara. Ya haɗa bakin bututun da indararon rufin kwanonmu, ya bi da shi ta jikin bangon ɗakina, ya sauke shi cikin randa. In an yi ruwa, randa ta cika ba wanda ya ɗauki tulu.

Da farko har kallo ake zuwa yi. To, amma kun san damshin garin nan. Kafin damina ta raba, abu ya yi kore shar, yana zubo da hawaye kore a kan farar ƙasar da na shafe bangona da ita. Ana cikin haka saƙo ya iso cewa uwar mijina tana tafe daga Damagaram tare da ayari. Ba ta taɓa ganina ba. Abin da na sani game da ita ɗaya ne: an ce bango take fara dubawa kafin ta dubi fuskar mai ɗaki.

Na ce da kakanku, "Malam, a cire abin nan kafin Inna ta zo."

Ya ce, "A cire? Ki cire mini haƙori dai."

Sai na dama farar ƙasa na shafe shi. Rana ta buga, ƙarfe ya ɗauki zafi, farar ƙasa ta yi ta ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Na ɗebo ganyen da ake ƙunshe goro da shi, na naɗe bututun tun daga sama har ƙasa. Ya yi kyau, wallahi. Kwana ɗaya ya yi. Akuyar gidan ta miƙe a kan ƙafa biyu ta cinye iya inda bakinta ya kai, ta bar shi kamar mai ɗaure da guntun zane.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Asante mai sayar da dokunu, wato tuwon masararsu na ƙunshin ganye, ta leƙo ta same ni ina hararar akuya. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Kai, amarya, kana wahala! Zo ka karɓi jan ƙasa." Irin wadda suke goge dakalinsu da ita ce har ya yi sheƙi. Na kwaɓa ta da kauri, na naɗe bututun da tsumma, na lafta masa, na goge da tafin hannu. Ya saje da jan gindin bango, sai ka ce tare aka gina su.

Inna ta iso da hantsi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa idonta yana kan bango. Ta sha ruwa, ta tashi, ta bi abin nan da kallo daga randa har rufi. Ta ƙwanƙwasa shi da zobenta. Ya ce ƙwal.

Ta ce, "'Yar nan, laka ba ta magana. Miƙo mini wuƙa."

Na miƙa mata. Ta kankare wuri kaɗan, ta tofa yawu, ta murza da bakin zanenta. Jan ƙarfe ya buɗe ido.

"Wa ya binne wannan?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Kore yake yi, yana ɓata bango."

"Bango! A garinmu mace sai ta yi shekara tana mafarkin ɗan yatsa guda na wannan a hannunta, ke kin samu kamu goma kin yi masa kabari? Ba ku da lemun tsami a ƙasar nan? Ba ku da toka?"

Wunin ranar muka yi muna kankara, ni da ita, tana goge sama ina goge ƙasa, tana faɗa ina cewa to. Da la'asar sai na ji ta ce, "Hannunki da ƙarfi dai, ba laifi." Daga nan ta tambayi hanyar maƙera.

Bayan kwana uku kakanku ya shigo ya tarar bututunsa ya ragu da kamu ɗaya, bakinsa yana rataye a iska. Ya waiwayo zai yi magana, sai ya ga munduwa biyu a hannun uwarsa, ɗaya a nawa.

Inna ta ce, "Akwai magana ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Babu, Inna. Cewa zan yi sun yi muku kyau."

"To, jawo randar kusa, hadari na haɗowa."