Ranar da Kwata Ta Juya da Ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wani ya kira matata yana kame-kame, yana son yin ta'aziyya ya rasa ta inda zai fara. Ina nan da raina, alhamdu lillahi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, mahauci ne ni a Garoua. Ni nake yanka a kwata, aikin da na gada.

Bayan ƙaramar Salla aka kafa filin wasanni a gefen gari. Abokina Buba, dillalin shanu daga Touboro, ya ja ni can. Akwai wani ɗan jirgi mai gudu a kan ƙarfe, ya hau sama ya sulmiyo, kuma kafin ya tashi sai a ɗaura maka gilashi mai rufe fuska, suna ce masa kas.

Buba ya ce, "Kai da kake kayar da bijimi, kayan yara ne zai ba ka tsoro?"

Na hau don kada Bafulatani ya samu abin faɗa.

Ana ɗaura min abin, Garoua ta ɓace. Na duba hannuwana ban gan su ba. Wani gari na gani a ƙarƙashin ruwa, gidajensa ba ƙofofi. Ina jin ihun mutane a gefena, amma kujerun da nake gani babu kowa a kai. Can jirgin ya faɗa da mu wata rijiya marar gindi, ƙeyata ta bugi ƙarfen kujera. Na sauko ina dariya.

Washegari a sallar azahar, ina yin ruku'u masallacin ya kife. Na rufe ido, sai ga rijiyar nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon yana zaɓen wuri. Ina tafiya lafiya, ina hawa babur lafiya. A wuri biyu kawai yake kama ni: in na sunkuya a salla, da in na sunkuya kan dabba.

Wata safiya aka kayar da bijimin Buba, aka fuskantar da shi alƙibla. Na karkata kai, na yi bismilla, na ja wuƙa. Ƙasa ta tashi tsaye. Na faɗi cikin jini yankan bai kai ba, kuma kafin wani ya ƙarasa an jima. Malam ya ce hannu ya ɗaga, naman bai halatta ba. Bijimi guda ya zama mushe a hannuna.

Sarkin Pawa bai yi faɗa ba. Ya miƙo hannu kawai ya ce, "Ɗana, kawo wuƙar nan tukuna."

Gara a ce marina ya yi.

A kwata aka ce jinin dabbobi ne ya kama ni. Innata ta ce, "Abin da ka leƙa a cikin gilashin nan, shi ma ya leƙo ka." Na sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Salla ta koma a zaune. In na wuce rumfar mahauta, hira sai ta mutu.

Matata Hajara ce ta tsaya kai da fata sai asibiti. Aka auna jini, aka duba maleriya da taifot, babu komai. Aka ce a ɗauki hoton kai, sai da Hajara ta sayar da tumakinta. Shi ma ya fito fes. Wallahi ban yi murna ba. Na ce to, maganar Inna ce.

A ƙarshe aka tura ni wajen likitar kunne, wata 'yar Kudu, Faransanci muka yi da ita. Ta saurara, ta ce, "Wane gefe kake karkata kai in za ka yanka?"

Na nuna mata.

Ta kwantar da ni, kaina na lilo a bakin gado. Ta sa hannu ƙarƙashin haɓata, ta murɗa kan gefe, maƙogwarona a buɗe yana kallon sama. Na san wannan riƙon. Haka nake yi wa sa.

Rijiyar ta buɗe, na yi salati da ƙarfi.

"Kada ka rufe ido, Malam. Dube ni. Bari ya wuce."

Ta ce a can cikin kunne akwai wasu 'yan tsakuwoyi ƙanana, bugun nan ne ya kauce da su daga mazauninsu, in na sunkuya sai su gangara. Da juyin kai take mayar da su. Na yi ta komawa, ina amai ina daurewa, ina barci a jingine.

Wata la'asar na gwada sujada. Goshina ya taɓa ƙasa, ƙasa ta tsaya wuri ɗaya. Na daɗe a haka ina kuka.

Buba da kansa ya kawo bijimin da aka gwada ni da shi. Ya ce, "In ka ɓata min wannan ma, kai zan kai kasuwa." Mahauta sun kewaye ni. Na sunkuya, na yanka har ƙarshe. Sarkin Pawa ya ce, "Riƙe wuƙarka."

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajara, da Inna da addu'arta, da likitar nan, da Buba da bai taɓa tayar min da maganar bijiminsa ba.

Shawarata: in za ku hau irin jirgin nan, ku manna kai da kujera, domin gilashin ba ya bari ka ga kwanar da ke zuwa. In jiri yana kama ku wajen sunkuyo, ku nemi likitan kunne tun da wuri, ku haɗa da addu'a. Mai jiri kuma kada ya riƙe wuƙa.

'Yan uwana mahauta, in an kayar da dabba an murɗa wuyanta, kada a tsaya hira ko wasa wuƙa. Ni yanzu ba na sa ta jira, domin na san yadda jiran yake.